Na Farko a Kasko

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina fata aikin otal bai cinye ki duka ba. Mu nan sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar safe. Waya ce ta ishe ni. Duk lokacin da na kira kina tsakanin kasko da faranti, kina "Yaya bari in kira ki," ni kuma bakina bai iya jira ba, kafin in faɗi abin da ya sa na kira mun yi faɗa. Takarda ba a katse ta. Direban nan Baba ne ya koya masa tuƙi, ya ce zai miƙa miki ta ƙofar bayan otal ɗinku, ya karɓo min amsa.

Baba ya daina cin abinci.

Ba irin yangar da ya saba ba ce, ta yau gishiri ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Tun da kaka ta shigo, ganyen bishiyar ƙofar gida ya fara ja yana zuba, ya rufe bakinsa. Shayi kawai yake kurɓa, shi ma sai na yi da gaske. Na yi romo, na dafa ƙwai, na dama madara, yana kallon cokalin kamar ba da shi ake ba. Zobensa na azurfa da tun muna yara bai taɓa fita daga yatsarsa ba, shekaranjiya a cikin bargo na tsince shi. Likita ta zo ta auna shi, ta ce idan bai fara ci ba kafin ta dawo, za ta sa a kwantar da shi a asibiti a zura masa roba ta hanci. Kin san alkawarin da na yi wa Inna a bakin gadonta, cewa shi ba zai ƙare a ɗakin asibiti ba kamar yadda ta ƙare. Ko da yake na manta, ba kya nan lokacin da na yi alkawarin. Da yamma kika iso.

Abu ɗaya yake tambaya. Da safe idan na yaye labule ya ga ganyen nan, sai ya ce, "Kabewa ta nuna. Ba a yi fanke ba?" Fanken kabewa na Inna yake nufi, mai faɗin nan da ake zubawa a kasko a juya. Ya manta sunan titinmu, ya manta Inna ta rasu, jiya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki, amma fanke yana nan daram a kansa.

Ni kuwa ban iya ba. Ki yi dariya idan kin ga dama. Rabin aikin na sani. Ni ce mai fasa kabewa da yamma, in ƙwaƙule 'ya'yan, in gasa, in murje, in matse a ƙyalle har tafin hannuna ya yi ja, in wanke tukwane, in kwanta bayan kowa. Abin da ake yi da ita da asuba ban taɓa gani ba. Nakan tashi in tarar da nawa a rufe a faranti, ke kina lasar yatsa, Baba ya daɗe da fita. Ke Inna ta koya wa, ke kika hau benci kika riƙe ludayi.

Kabewar bayan gida ta yi 'ya'ya bana duk da ban kula ta ba. Ki rubuto min yadda ake haɗa ƙullun, da awonsa. Kada ki ce min "yadda ido ya gani," ni ba a ba ni wannan idon ba.

Safar da kika aiko ta iso, an gode. Durowarsa ta cika da safa har ba ta rufuwa. Har yanzu dai ƙafa biyu gare shi.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayarki.

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. A tsaye nake rubutun nan, a kan teburin yanka albasa, direbanki yana waje yana ta duba agogo. Idan kin ga ɗigon mai a takardar ki yi haƙuri.

Wallahi Yaya da na karanta gabana ya faɗi. Me ya hana ki faɗa min tun wuri? Maganar "da yamma kika iso" na ji, na haɗiye. Ta safa ma na ji. Ke dai ko gaisuwa kika rubuta sai kin manta allura a ciki, ba a banza kika zama tela ba.

To ga fanke. Aikin kabewar kin fi ni sani, amma ki matse ta sosai, idan ruwa ya rage ƙullun zai yi tsululu, cikin ya ƙi nuna. Kofin Inna mai karyayyen hannu yana nan? Da shi ake awo. Kabewa kofi ɗaya. Fulawa kofi ɗaya da ɗan tozo. Madara kofi ɗaya, kada ya cika. Ƙwai biyu, sukari cokali biyu, gishiri abin da yatsu suka ɗauka, bekin fauda ƙaramin cokali, narkakkiyar bota kaɗan. Kirfa da garin citta kuwa, ki yafe min, wannan sai yadda hancinki ya yarda. Busassun a kwano ɗaya, masu ruwa a wani, sannan ki haɗa su. Kada ki buga shi kamar ya yi miki laifi, na san hannunki. Juyi kaɗan ya isa, idan kin ga gudaji ki ƙyale su, su ne laushin. Ki rufe ki bar shi ya huta kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kaskon baƙin ƙarfen nan za ki sauko da shi, ba na zamani ba. Wuta tsaka-tsaki. Ludayi ɗaya, kada ki baza, zai baje da kansa. Idan kin ga samansa ya yi huji-huji, gefen ya bushe, ki juya, sau ɗaya tak, kuma kada ki danna shi. Na farko kullum lalacewa yake yi, kaskon bai gama ɗaukar zafi ba, zai manne ya yage ya fito fari-fari. Kada ranki ya ɓaci, haka yake a hannun kowa. Daga na biyu za ki ga kyau.

Nan ma nakan yi wa baƙi irinsa duk kaka, har an sa shi cikin abincin safe na otal. Sai sun ɗauke shi hoto suke ci, wasu har ya huce. Da Inna ta gani da ta yi dariya har da hawaye.

Zuwa kam ina so, Allah ya sani. Amma otal a cike yake maƙil, mutanen birni sun zo kallon ganye kamar ba a yi a garinsu, shugaban kicin kuma ya ce duk wanda ya tafi hutu yanzu to ya tafi ke nan. Da zarar an sarara zan taho.

Ki ce wa Baba Autarsa tana gaishe shi. Ke ma ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Taki har kullum,
Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso da ɗigon manta da warin albasarta, an gode.

Na yi yadda kika ce, ban ƙara ba ban rage ba. Na fasa kabewa da yamma, wuƙar ta kusa tafiya da yatsata kamar yadda ta saba. Na sauko da kaskon, na kankare tsatsa, na shafe shi da mai. Na farko ya manne ya yage, na kankare na watsa wa kajin maƙwabciya ta katanga. Sauran kuwa, ba yabon kai ba, ko ke sai haka. Jajaye, masu tashi, gefensu kamar an datsa da almakashi. Gidan duka ya ɗauki ƙamshin kirfa, har sai da na fita bayan gida na tsaya, don ban shirya jin ƙamshin Inna ba.

Na jera su a farantin baƙi, na zuba zuma, na tada shi na jingina masa matashi, na ɗora tire a cinyarsa. Auta, na ga idonsa ya kawo haske. Ya ja numfashi ya ce, "Yauwa." Ya dubi farantin, ya daɗe yana kallo. Sai ya sa bayan hannu ya ture tiren a hankali ya ce, "Wannan na yara ne. A rufe musu."

Na ce Baba babu yara a gidan nan, naka ne. Ya ce a rufe musu kada ya huce. Na gutsura na kai bakinsa, ya datse haƙora, ya juya fuska bango. Washegari na sake, na rage kirfa. Na sake, na cire zuma. Na yi ƙanana, na yi manya. Kullum maganar ɗaya ce, na yara ne. Kajin maƙwabciya sun yi ƙiba, ni na fara jin amai idan na ga kabewa, shi kuma wandonsa yanzu sai na ɗaure da igiya. Ya kuma tsiro da wani sabon abu, kafin gari ya waye sai ya riƙa laluben gefen gado yana tambaya ina hularsa.

Likita ta aiko cewa an tanadi gado.

Ba na son roƙo, kin sani, ke ce ma ba na son roƙa. Amma ke yana gane ki. Bara da kika zo, daga jin muryarki a bakin ƙofa ya ce "Auta," ya miƙe zaune, mutumin da nake ɗagawa da hannu biyu. Ni da nake wanke shi, nake aske shi, nake canza masa zanin gado, ni ce "yarinyar nan." Na rufe shagona na dawo da keken ɗinki falo saboda shi, ban taɓa yi miki gori ba, yanzu ma ba gori nake ba. Cewa nake wataƙila ba fanken ne bai yi ba, hannun ne ba shi ba. Ki zo ki ba shi da naki. Baƙinku masu hoto ba za su mutu ba idan wani ya juya musu na kwana biyu.

Idan ba za ki zo ba ki faɗa min kai tsaye, in san abin da zan gaya wa Inna a raina ranar da za a ɗauke shi.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma yau raina a ɓace yake, gara in faɗa.

Kullum kina magana kamar benci ɗin nan gadon sarauta ne aka ɗora ni a kai. Ina da shekara nawa Inna ta fara tashina cikin sanyi, ƙafata ba takalmi a kan siminti, ke kina cikin bargo? Ba don ta fi so na ba ne, don ke ta ga kin gaji ne, takan ce a bar ki. Tabon kaskon nan har yau yana wuyan hannuna. Kuma tun daga lokacin ban daina tashin asuba ina juya wa mutane abinci ba. Idan na rasa aikin nan ba ni da keken ɗinkin da zan koma wa. Na san kin fi ni wahala, ban taɓa musu ba. Amma ki daina rubuta min kamar ina kwance ana min fifita.

Wannan ke nan. Yanzu ki ajiye fushi ki karanta da kyau, don tun da na ga "na yara ne" na zauna a kan buhun fulawa na kasa tashi.

Yaya, gaskiya ya faɗa. Na yara ne. Baba bai taɓa cin mai kyau ba.

Ke ba ki gani ba, ni kuma abin ya zame min jiki har ban ga abin faɗa a ciki ba. Motar farko yake ja, kin tuna, kafin gari ya waye ya kamata a ce yana tasha. Ba ya iya jiran kasko ya yi zafi. Yakan zo ƙofar kicin da rigar aikinsa da hularsa, makulli a hannu, ya jingina da ƙyauren yana "Ku yi sauri, mutane na jira." Inna ta zuba na farko, ya manne, ya yage, ta kankaro shi, ni kuma in ninke shi huɗu in miƙa masa a hannu. Ba faranti, ba zuma, ba zama. A tsaye yake ci yana hurawa, ya goge hannu a wandonsa, ya sa min albarka ya fita. Jajayen nan masu kyau bayan tafiyarsa ake yinsu. Wata rana Inna ta ce ya dakata minti kaɗan ta yi masa na kirki, ya ce a'a, a rufe wa yara, shi wannan ya fi masa. Ko ranar hutunsa, da kansa yake zuwa ya karɓi na farkon.

Abin da kike watsa wa kaji shi ne nasa.

Hular da yake nema kuma ta aiki ce. Rigar tana nan? Ki duba saman kwabar Inna, cikin jakar da ta ajiye kayan sanyi. Ki tada shi da asuba, ki sa masa su, ki kawo shi ƙofar kicin. Kada ki zaunar da shi. Kada ki bar kaskon ya yi zafi.

Ban sani ba ko zai yi. Amma ki gwada kafin likitar ta dawo, don Allah. Ki aiko min da labari ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Kin ce layi ɗaya, ga shi: ya ci.

Sauran kuma ki karanta idan kin samu sarari, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Na sami rigar inda kika ce, asu ya ɗan taɓa hannun, na ɗinke. Da na sa masa sai ta yi masa yawa kamar ta aro, na naɗe hannun sau biyu. Amma da hular ta hau kansa, wallahi sai na ga bayansa ya miƙe. Ya laluba aljihu, na gane abin da yake nema, na ba shi makullin shagona, tunda ba abin da yake buɗewa yanzu. Na riƙo shi muka bi bango har ƙofar kicin. Da kansa ya saki hannuna ya jingina da ƙyauren, daidai inda fentin ya goge. Shekara da shekaru ina wanke wurin nan ban taɓa tambayar me ya goge shi ba.

Na ɗora kasko, ban jira ba, na zuba. Ya ce, "Ku yi sauri, mutane na jira." Ya manne. Ya yage gida biyu, fari fat, tsakiyar ma da ƙyar ta nuna, abin da ko kare zan yi tunani kafin in ba. Na ninke shi huɗu na miƙa. Ya karɓa yana hurawa, ya ci, ya cinye tas, har da ɗan guntun da ya maƙale a hannun riga. Ya goge hannu a wando.

Sai ya ɗora hannun nan a kaina. Auta, tun da nake ban tuna ranar da ya ɗora hannu a kaina ba. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Hannunki ya kusa fin na uwarki."

Ban gyara masa ba. Na ce amin.

Ya leƙa bayana ya ce, "Ina yayarki?"

Na ce, "Tana barci, Baba."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da. Ya ce, "Sarkin Barci ke nan. Ita dai a ci a kwanta. Ban san gidan da za ta tsinana wa wani abu ba." Ya gyara hula, ya ƙara da cewa, "Ki rufe mata nata dai, kada ya huce."

Ashe haka yake ce min. Ke kin sani, kina kan benci kina ji duk safiya, ke da Inna. Shi da wuri yake kwanciya saboda motar farko, bai taɓa ganin wanda yake fasa kabewar ba. Yana tsammani da kanta take fashewa ta gasu ta matsu ta shiga kwano. Kuma a cikinku ba wadda ta taɓa ce masa, ai yarinyar nan sai da ta gama wanke tukwane ta kwanta. Ba faɗa nake ba, na gaji da faɗa. Ciwo abin ya yi min, irin wanda ban san inda zan shafa wa magani ba. Na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona, alhali murhun ba ya hayaƙi.

Guda ɗaya dai ba ya riƙe babban mutum, sai na nemi dabara. Idan ya cinye ya nufi ƙofa, nakan zaga da shi tsakar gida, mu taka ganye, in ce motar ba ta iso ba tukuna. Kafin mu dawo na tsoma kaskon cikin ruwan sanyi. Sai in sake zuba wani na farkon. Yanzu na ƙware, ba wanda ya kai ni iya lalata fanke, har ƙwai nake ƙarawa a ƙullun ba tare da ya gane ba. Jiya ya sha madara a tsaye, ya ce in gaya wa Inna gishiri ya yi kaɗan.

Likita ta zo ta same shi da hula a kai yana tauna. Ta auna shi, ta dube ni, ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi, maganar gado a bar ta tukuna. Ta ce, "Ke ce 'yarsa?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Autata ce." Ta ce ya yi dace.

Na gode da abin da kika tuna. Da gaske nake.

Yayarki.

*

Yayata,

Gaisuwa, da godiya ga Allah. Na karanta takardarki a ɗakin ajiyar kaya, na yi kuka har mai wanke-wanke ta zo tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ban san ba ki san da sunan nan ba. Mu wasa muka ɗauke shi, Inna takan ce masa "kai dai," shi ke nan a wuce. Yanzu na ga ba wasa ba ne.

Na je wurin shugaban kicin na ce ko ya ba ni hutu ko ya nemi wata. Ya yi ta faɗa, daga baya ya ba ni. Ranar Asabar ina cikin motar safe. Ni zan karɓi asubar, ke ki kwanta ki yi barcin da ake ta yi miki gori a kai. Kuma zan zaunar da shi in gaya masa wanda yake fasa kabewa, in nuna masa hannunki, ko sau nawa zai manta in sake faɗa.

Ki faɗa min abin da zan taho da shi. Ban da safa.

Taki,
Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Ki mayar wa shugaban kicin hutunsa. Kada ki zo.

Na san ni na roƙe ki, yanzu kuma ni nake hana ki. Daga jin muryarki a bakin ƙofa zai gane ki. Kicin ɗin nan ba zai ɗauki Auta biyu ba, ɗaya za ta koma sabuwar mai aiki, kin kuma san wace ce. Ranar da kika koma otal zai nemi hannunki ya rasa, ya sake rufe baki, gadon asibitin kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba. Wannan shi ne dalilin da zan gaya wa likita idan ta tambaya.

Ɗaya dalilin ke kaɗai zan gaya wa. Kullum da asuba yana ɗora hannu a kaina. Na san ba ni yake sa wa albarka ba. Ina karɓa duk da haka, kuma ban ƙoshi ba tukuna.

Kada ki gaya masa komai game da kabewa. Nakan rufe wa Sarkin Barci nata kamar yadda ya ce, idan ya koma ɗaki in zauna in ci.

Ki gaida maigidan da yara. Ki yi haƙuri ban rubuta sunanki a sama ba, ana amfani da shi a nan.

Yayarki.